Sifana a Hannun Mai Mota: Canza Batir a Gida, Dabara ce ko Ganganci?

Batirin mota a ƙasar Maraɗi zafi ne ke cin ransa, sanyi kuma ya tona asiri. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwan cikinsa yana ƙafewa, farantan dalmarsa suna zagwanyewa a hankali, amma mota tana tashi abinta domin inji mai ɗumi ba ya wuyar juyawa. Sai hunturu ya kama, a wayi gari da hazo a Disamba ko Janairu, mai ya yi kauri a cikin inji, a murza makulli a ji ƙas-ƙas-ƙas, shi ke nan. Masana batir suna da ƙiyasin da suke aiki da shi, cewa duk ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana raba kwanan batirin dalma gida biyu. Shi ya sa mai mota a Madarumfa yake sayen batir a kai a kai fiye da takwaransa na Faransa ko Japan, kuma gardamar wa ya kamata ya ɗaura sabon ba ta daɗewa ba ta dawo ba.

Masu cewa mutum ya yi abinsa da kansa, hujjarsu ta farko a kan hanya take. Madarumfa ba ta rasa makanikai ba, amma mai son ya ga batura iri-iri ya yi ciniki Maraɗi yake nufa, tafiyar kilomita 20 da ɗoriya, ko ya bi ta Ɗan Isa ya tsallaka Jibiya idan canjin naira ya yi masa daɗi. Motar da batirinta ya mutu ba ta zuwa shago. Mai ita ne zai hau kabu-kabu ko motar haya, ya sayo, ya rungumo ya dawo. To ga shi tsaye gaban mota, ga sabon batir a ƙasa, abin da ya rage noti uku ne ko huɗu. Sai su ce ina dalilin a sake aikawa a ɗauko makanike daga bakin tasha, a biya masa kuɗin mashin zuwa da komawa, a biya ladan aiki, duk saboda noti uku? Wanda ke zaune a ƙauyukan Gabi, Safo ko Sarkin Yamma lissafinsa ya fi wannan tsawo.

Akwai kuma dare. A unguwar da mota ɗaya ce tak, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke ɗaukar yaron da zazzaɓin damina ya sa ya sanƙare. Direban da motarsa ta mutu a hanyar daji kusa da iyaka, a shekarun nan da ƴan bindiga suka addabi yankin, ba shi da halin zama jiran gari ya waye. Idan ya san yadda zai kwance kan batir ya goge ya matse, ko ya ari na wata mota ya ɗora, ya tsira da kansa da fasinjojinsa. Wannan hujja ban ga wanda ya iya karya ta ba.

Sannan su ce abin ba sabon ilimi ba ne. Tun 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro batirin dalma da asid, kuma har yau ainihin aikinsa bai sauya ba. Ɗakuna shida ne a jere cikin akwati guda, kowanne yana ba da volt 2 da ɗan ƙari, a haɗa a samu 12. Mutanen da ke kwance injin ban-ruwa a lambunan Jiratawa su mayar, waɗanda tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023 suka koyi haɗa farantin sola da batir don fanka da cajin waya, noti uku ba za su gagare su ba. Kuma, in ji su, kada a ruɗe mu da sunan gareji. Sau da yawa maigidan yana can ƙarƙashin wata mota, yaron da ke koyo ake turo maka. Kowa ya taɓa ganin kan batirin da aka doka da dutse don ya zauna, ko aka cusa masa ƙusa don ya matse, ko batirin da aka ɗaure da igiyar roba maimakon ƙarfensa. Dukan dutsen nan yana tsaga gindin kan batir, asid ya riƙa tsattsafowa. Rashin ɗauri kuma, a kan hanyoyinmu na burji da rairayi, yana girgiza farantan ciki har su farfashe. Wanda ya san da guminsa ya sayi batirin ba zai yi masa haka ba.

Ɗaya ɓangaren, wanda masu aikin wutar mota ke gaba a cikinsa, bai tsaya musun cewa ɗaura batir yana da sauƙi ba. Tambaya guda suke yi: wa ya gaya maka batirin ne? A nan muhawarar take da nauyi, domin mota tana ƙin tashi saboda dalilai da yawa da duk kamanninsu ɗaya ne a kunnen mai ita. Wataƙila altaneta ce ta daina caji, ko bel ɗin da ke juya ta ya saki. Wataƙila farin garin nan da ke taruwa a kan batir ne ya tare wuta, ko baƙar wayar da ke manne da jikin mota ta yi tsatsa a gindi. Yana yiwuwa sitata ce ta gaji. Yana yiwuwa kuma wani abu ne ke shan wuta cikin dare, rediyon da aka jona kai tsaye da batir ko fitilar but da ba ta mutuwa. A duk waɗannan, idan aka ɗaura sabon batir, sau da yawa mota za ta tashi fes, mai ita ya ce ai ga shi, na gano. Bayan kwana biyu ko uku ta sake yin shiru, domin sabon ya ƙarar da cajin da ya zo da shi daga shago kuma babu abin da ke mayar masa. Batirin mota kuwa ba a yi shi don a zuƙe shi tas ba. Kowane zuƙewa yana rage masa kwana. Daga nan sai rigimar da kowane mai shagon batir ya sani. Mai mota ya ce, "Alhaji, jabu ka ba ni." Mai shago ya ce, "Malam, je ka a duba maka caji tukuna." Tsohon batirin da ba shi da laifi kuwa an riga an sayar da shi a kilo.

Masu yi da kansu suna da amsa, ita ce mita, ƙaramar na'urar auna wuta da ake samu a shagunan kayan sola, wadda kuɗinta bai kama ƙafar na batir ba. Batirin da ya kwana bai yi aiki ba, in cike yake zai nuna 12.6. In ya nuna 12.2 ya sauka rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. A ta da inji a sake aunawa: lafiyayyar altaneta tana ba da tsakanin 13.8 da 14.5. In lambar ba ta motsa daga inda take ba, mota ba ta caji. In ta haura 15, caji ya yi yawa, ana dafa batirin ne. Ko babu mita akwai gwajin tsofaffin direbobi, a kunna manyan fitilu a murza makulli. In hasken ya dushe sosai, batir ne ko kawunansa. In ya tsaya garau amma inji bai juya ba, a nemi laifin wajen sitata.

Amsa ce mai kyau, sai dai ba ta rufe bakin masu sana'ar duka ba. Tsohon batir yana iya nuna 12.6 a zaune, da an ɗora masa nauyin sitata ya faɗi warwas, don haka sai an sa ido a kan mitar a daidai lokacin da ake murza makulli, a ga ko ta gangara ƙasa da 9.6. Bin sawun wutar da ke zurarewa da dare kuma, a cire fiyus ɗaya bayan ɗaya har a kama ɓarawon, aiki ne na wanda ya saba.

Sai zancen wane batir za a saya. Motocin da ke yawo a nan ba daga ƙasa ɗaya suka fito ba. Ƙananan Toyota da aka ƙera don kasuwar Japan da yawansu siraran kawuna batirinsu ke da su, yayin da Peugeot, Golf da Opel ke amfani da gajeren batir mai kauraran kawuna da ake maƙalewa daga gindi. Akwai mai jan kai a dama, akwai mai shi a hagu. Wanda ya shiga shago ya ce kawai a ba shi na Corolla yana iya dawowa da batirin da kawunansa suka saɓa da wayoyin motarsa. Da ya ajiye shi yadda tsohon yake, in bai duba alamar ƙari da ta ragi ba, sai ya ɗora jar waya inda baƙa ya kamata ta hau. Ƙiftawar ido ta isa babban fiyus ya tsinke, altaneta ta ƙone, a motar zamani har ƙwaƙwalwar inji ta tafi. Garin neman gira an rasa ido. Maganin wannan ba shi da wuya, a tafi da tsohon shago ko a ɗauki hotonsa a waya tun yana zaune a mazauninsa, a kuma nemi a nuna ranar da aka ƙera sabon, domin batirin da ya shekara a kanta cikin zafin Maraɗi ya riga ya fara tsufa. Amma maganar garanti tana nan. In yaron shago ne ya ɗaura, mai shago ba shi da mafaka idan batir ya gaza. In kai ka ɗaura, tambayarsa ta farko ita ce wa ya taɓa shi. Wanda ya sayo a Jibiya kuma ya san cewa iyaka tana iya rufewa, kamar yadda ta rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023 ba ta buɗe ba sai a Maris na 2024, takardar garantinsa tana aljihu babu inda zai kai ta.

Game da haɗari, ɓangarorin biyu duk suna zuzutawa ko ragewa gwargwadon abin da ya yi musu daɗi. Volt 12 ba ya jan mutum, kana iya dafa kawunan biyu da hannu ba ka ji komai ba. Haɗarin yana cikin yawan wutar da batir ke iya saki a lokaci guda, ɗaruruwan amfiya, idan ƙarfe ya haɗa jan kai da jikin mota. Jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da baƙar waya, kuma wannan ne dalilin ƙa'idar da ake ta nanatawa: wajen cirewa baƙa ake fara kwancewa, wajen ɗaurawa ita ce ta ƙarshe. In baƙar tana cire, ko sifana ta zame daga jan kai ta bugi ƙarfen mota babu abin da zai faru. In tana manne, sifanar tana iya yin ja ta narke a wurin. Zoben azurfar da ke hannun dattawanmu da agogon ƙarfe suna yin wannan aikin, su ƙone yatsa har ƙashi. Batirin da aka gama caji kuma yana fitar da iskar haidirojin, wadda tartsatsi ɗaya, ko taba sigari, ko ashanar da aka ƙyasta don a ga noti cikin duhu, ya isa ya tarwatsa akwatin a fuskar mutum. Ruwan ciki asid ne mai cin tufa da fata. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 sannan a nufi asibiti, ba tare da an tsaya ɗiga wani magani ba. Farin garin kan batir kuwa, ruwan kanwa yana kashe kaifinsa a goge da tsohon burushi, muddin ba a bari ya shiga cikin ɗakunan ba. Duk wannan ana koyonsa a zama ɗaya. Abin tsoron shi ne mai yi cikin gaggawa, da hannun babbar riga yana lilo a kan inji.

Wata ɗabi'a kuma gida da gareji duk sun yi tarayya a cikinta, wato a ta da mota da batirin aro, a zare shi inji yana aiki a mayar da mataccen, ko a cire kan batir don a ga ko altaneta na caji. Tsohuwar Peugeot 504 tana jure wannan. Mota mai kwamfuta ba ta jurewa, domin batir ne ke shanye hawa da saukar wutar altaneta, da an zare shi wutar tana iya tsalle ta ƙone abin da ta samu.

Motocin zamani su ne inda hujjar yi-da-kanka ta fi rauni. Wasu Mercedes da BMW batirinsu yana cikin but ko ƙarƙashin kujera, da ɗan bututun fitar da iska da dole a mayar. Motar da ke kashe injinta da kanta idan ta tsaya tana buƙatar batir mai alamar AGM ko EFB, kuma wasu sai an jona musu na'ura an sanar da ƙwaƙwalwarsu cewa an sa sabo, in ba haka ba su ci gaba da yi masa cajin tsoho. Wasu rediyoyin suna kullewa su nemi lambar sirri da mai motar farko a Turai ya tafi da ita. Irin waɗannan motoci ba su ne suka cika tashar Madarumfa ba, amma kowace shekara ƙaruwa suke.

Abin da ya fi damuna a duk gardamar nan shi ne wanda aka fi mantawa, wato tsohon batirin. Idan a gida aka canza, a gida yake zama. A jingine shi a zaure ko bayan ɗaki, rana ta dake shi akwatin ya tsage, asid ya jiƙa ƙasar da yara ke wasa a kai. Wani ya kai shi ɗakin kwana ya jona masa sola don fitila, yana caji yana fitar da iska a inda iyali ke barci. Wani kuma ya fasa shi don ya ciro dalmar, tunda fiye da rabin nauyin batir dalma ce kuma tana da kuɗi. Ga abin da fasa batir a tsakar gida ya taɓa jawowa. A Thiaroye-sur-Mer, unguwar masunta a gefen Dakar ta ƙasar Senegal, an daɗe ana fasa tsofaffin batura ana narka dalmarsu don yin nauyin koma. Da farashin dalma ya tashi, mata suka shiga tankaɗe ƙasar wurin suna tsince ɓurɓushinta, suna kai buhuna cikin gidaje. Tsakanin Nuwamban 2007 da Maris na 2008 yara 18 suka mutu, kuma binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya tabbatar gubar dalma ce. Mu ma ba mu rasa misali na kusa ba. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu da gubar dalma. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma hanyar ɗaya ce, an kawo aikin cikin gida, ƙura ta bi ƙasa, yara suka kai hannu baki. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, waɗanda mutanen Madarumfa suka sani a sashen yara na asibiti, su ne suka fara gano abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira marar lahani, kuma kaɗan ɗin da ba ya kisa yana dakushe ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwa, ba tare da iyaye sun san dalilin da yaro ya kasa karatu ba.

Mai yi da kansa zai ce, to in na bar shi a gareji ina yake zuwa? Tambaya ce mai kyau. Ƴan gwangwan ne ke saye, kuma ba baƙon abu ba ne a tuntsurar da asid ɗin a ƙasa don a rage nauyi kafin a loda. Barin batir a gareji bai wanke shi ba. Ya dai fitar da shi daga inda jariri ke rarrafe, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Ni dai ga inda na tsaya. Mai Starlet, Carina, Hiace ko tsohuwar Hilux, musamman direban haya da mazaunin ƙauye, ya kamata ya iya aikin nan, ya ajiye sifana mai lamba 10 da mita a cikin mota, ya koya a gaban wanda ya sani da rana tsaka kafin dare ya tilasta masa. Amma kada ya fitar da kuɗin batir sai ya auna, kuma bayan ya ɗaura ya bi ta wajen mai aikin wuta a duba masa caji. Ladan wannan dubawa kaɗan ne, kuma shi ne ɓangaren sana'ar da ya cancanci a biya. Masu kukan cewa za a raba makanikai da abincinsu su lura da nan, abincin mai sana'a a ganowa yake, noti kowa na iya murzawa. Mai motar da ke da kwamfuta kuwa ya haƙura ya kira masani. Tsohon batir kuma kada ya kwana a gida. A ɗauke shi a tsaye cikin robar wanki, a kai wa mai shagon da aka sayi sabo, tunda da yawansu suna karɓa su rage kuɗi.

Abin da ya fi ƙarfin mai mota shi ne inda batirin ke zuwa daga shago. Madarumfa, garin da ke zaune a bakin tafki, inda ruwan damina ke wanke unguwanni ya gangara ga kifin da ake ci da lambunan da ake shayarwa, yana da dalilin da ya fi na sauran garuruwa na ya keɓe wuri guda mai daɓen siminti da rufi, inda za a tara tsofaffin batura da ruwansu a ciki, a hana fasa su a cikin gari, a kuma san wanda ke zuwa kwasa. Wannan aikin hukumar gari ne da ma'aikatan muhalli da shugabannin ƴan gareji, kuma yanzu da batiran sola suka shiga gidaje da yawa, abin da za a tara ya wuce na motoci kaɗai.